Shekarar Da Aka Ce Ƙyanda Ta Ƙare A Zongo

Nata'ala bai taɓa riƙe alƙalami ba, kuma abin bai taɓa damunsa ba. Ƙugiyar dako ya fara riƙewa, daga baya ya koma diga da shebur. An haife shi a tsohon Zongo, wanda ke tsakiyar Lome kafin a turo katafila a baje shi. Ubansa bafatake ne da ya biyo goro daga ƙasar Katsina, ya zo ya ga teku, ya ce zai huta damina ɗaya ya koma. Har ya mutu bai gama hutawar ba.

Nata'ala ya tashi yana dako a tsohon warf, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, yau buhun gishiri gobe na kofi, har aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa can wajen Adakpame. Aka kawo injunan ɗaga kaya, aka ce wa masu ƙugiya su je gida za a neme su. Ba a neme su ba. Tun daga nan ya ɗauki halin da kowa ya san shi da shi. In ka zo masa da labarin an ce za a yi kaza, sai ya dube ka da jajayen idanunsa ya ce, "An yi?" In ka ce tukuna, sai ya ci gaba da abin da yake yi.

Haƙan kabari a hannun wani tsoho ya karɓa, wanda ƙugunsa ya daina miƙewa. Da aka kwaso mutanen Zongo aka zube su bayan gari, a kan hanyar arewa, shi ma sai ya kwaso digarsa ya biyo su. Ƙasar can ja ce mai tauri, ba kamar rairayin bakin teku ba, da rani sai ka zuba ruwa ta jiƙa kafin diga ta shiga. Ba ya surutu a wurin aiki. Ba ya tambayar me ya kashe mutum, ana gaya masa ne ko bai tambaya ba. In aka yi rasuwa, sai a yanko reshen kwakwa a fiƙe ganyen, a gwada tsawon mamacin da shi, a aiko masa. Da wannan sanda yake auna ramin. Kafin a gama wanka da likkafani ya gama, domin a Zongo wanda ya cika da safe ba ya kai azahar a gida. Wannan ne abin alfaharin unguwar. Sukan ce su ba kamar maƙwabta ba ne, masu ajiye gawarsu cikin ƙanƙara wata da watanni ana jiran a tara dangi da 'yan kiɗa.

Matarsa ta riga shi. Abin da ya rage masa 'yarsa Zuhura, da mijinta Lukuman mai gyaran agogo a bakin kasuwa, da jaririyarsu Kulsum. Yarinyar ba ta tsoron kowa. Takan rarrafo ta kama yatsan ƙafarsa mai kaushi ta kai baki, shi kuwa ya ce, "Ke matar nan, ba ki san inda ƙafar nan ta shiga ba." Ita kaɗai ce aka taɓa ji yana yi wa waƙa.

A shekarar da ake magana, bayan ƙaramar salla, sandunan da ake aiko masa suka fara gajarta. Wata sandar ba ta wuce tsawon hannunsa ba. Masu kawowa kan ce, "Baƙon dauro ne," su sauke murya, domin mata ba sa son a kira ƙyanda da sunanta a bakin ƙofa. Gida ɗaya sai ya aiko sau biyu cikin mako. Bisa al'ada sandar akan jefa ta cikin ramin ne a rufe da ita. Shi bai san abin da ya sa ba, sai ya fara ajiye gajerun a bayan rumfarsa.

Ana cikin haka aka yi shela cewa babban baƙo na zuwa daga jam'iyya. Jam'iyyar ɗaya ce a ƙasar, ba sai an faɗi sunanta ba. Aka share filin makaranta, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, aka raba wa mata atamfa iri ɗaya domin animasiyon, wato rawa da waƙar yabon da ake tara mutane su yi duk sa'ad da babba zai sauka. Zuhura ma tana cikin layi, da Kulsum a goye. Wanda bai fito ba akan tambayi dalilinsa. Nata'ala ya tsaya can baya da jar ƙasa a gwiwar wandonsa, daga maƙabarta yake.

Baƙon ya yi magana da Faransanci, tafinta yana juyawa da Hausa. Ya ce albarkacin jagorancin da Allah ya ba ƙasa, an ci ƙyanda da yaƙi. Ya ce a bana, a duk faɗin Zongo, ba yaro ko ɗaya da ƙyanda ta kashe. Ya ce saboda haka motar rigakafi za ta juya zuwa ƙauyukan da ba su kai Zongo sa'a ba. Mai ganga ya saki ganga. Mata suka yi guɗa. A layin gaba Nata'ala ya hango matar da ya rufe wa ɗa shekaranjiya, tana tafi, fuskarta kamar an wanke ta da toka.

Da yamma rediyo ya maimaita. A teburin mai shayi kuwa abin ya zama na tsokana.

"Baba Nata'ala, kasuwa ta mutu! Sai ka koma sayar da tuwon akasa a kasuwar Be."

"Ai shi ne ɗan adawa na farko a ƙasar nan. Gwamnati ta ce ba a mutuwa, shi yana ta haƙa."

"Kai, rufe bakinka, kada ka ja mana. Mai shayi, ƙara masa madara ya yi shiru."

Nata'ala bai yi dariya ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, maganar motar. Kulsum ta isa watannin da ake yi wa yara allurar, kuma motar suke jira.

Washegari ya sa Zuhura ta goyo ta suka tafi dispansar, ɗan asibitin unguwa mai ɗaki biyu. Aka ce maganin ba ya nan, mota ce ke kawo shi cikin akwatin sanyi, kuma motar ba ta da Zongo a hanyarta yanzu. Suka shiga taksi har cikin gari. A can wata ma'aikaciya ta tambaye su unguwarsu, da suka faɗa sai ta ce, "Ku ai an gama da ku. Ba ku ji rediyo ba?" Suka nace. Ta ce ba a fasa kwalba don yaro ɗaya, su dawo ranar da yara suka taru. Suka dawo, aka ce firij ya lalace. Suka sake dawowa, aka ce mai makullin ya tafi taron jam'iyya.

Daga nan ne Nata'ala ya ɗaure sandunansa da igiya ya tafi gidan Yacouba. Yacouba ɗan unguwa ne, ya yi lakwal, wato boko, ya zama anfirme, wato nas, yanzu yana ofishin lafiya a cikin gari inda ake tattara labarin cututtuka. Nata'ala ne ya rufe ubansa. Ya same shi a zaure yana goge takalmi, ya dire damin a gabansa.

"Baba, lafiya? Itace ka kawo wa Inna?"

"Auna su."

Yacouba ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya gane. Ya tashi ya tura ƙofar zauren.

"Mutuminku ya ce ba ko ɗaya," in ji Nata'ala. "Ni ban iya Faransanci ba. Ko tafintan ne ya ƙara gishiri?"

"Bai ƙara ba. Haka ya faɗa."

"To ƙarya ya yi."

"Baba, don Allah a hankali." Yacouba ya zauna a kan dugadugansa. "Abin da aka ba shi ya karanta. Mu muka ba shi. Ofis ba ya sanin mutum ya mutu sai likita ya ga gawar ya sa hannu ya ce ga abin da ya kashe shi. Daga Zongo ba wanda ya zo. Wa zai zo? Yaro ya yi zafi, tsofaffi su kulle shi a ɗaki su ce allura ba ta haɗuwa da baƙon dauro. Ya cika da hantsi, kafin azahar kun rufe shi. Ku kuka fi kowa sauri a garin nan, Baba. Ofis bai ma ɗaura lakatai a wuya ba kun dawo daga maƙabarta."

"Kana nufin ni na yi masa ƙaryar."

"Ban ce ba."

"Tashi mu je ka gani da idonka."

Suka je. An yi ruwa kwana biyu a jere. Kabarin Zongo babu dutse babu suna, tudun ƙasa ne kawai da ɗan fasasshen tulu a wajen kai. Na manya suna nan a tsaye. Na yaran, da yake ƙasarsu ba ta da yawa, ruwa ya kusa shafe su, sai ɗan kumburi nan da can kamar kunyar dankali da aka yi watsi da ita. Nata'ala yana tafe yana nunawa da ƙafa. Wannan na gidan mahauta. Wannan da wannan na Bazabarmen nan mai sayar da katifa. Wannan tagwaye ne, ɗaya ya jira ɗaya. Yacouba ya cire hularsa, ya mayar, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Na gani," ya ce. "Amma ba zan iya ɗaukar tudun ƙasa in kai wa shef ɗin ofishinmu ba. Zai ce wa ya ce ƙyanda ce? Zai ce wa ya aike ka?"

"To me zai sa motar ta dawo?"

Yacouba ya waiga hagu da dama. Sannan ya ce akwai wani tsohon likita a cikin gari, ya kusa ritaya, ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, kuma ba ya ƙin sa hannu a kan abin da ya gani. In aka kai masa gawar yaro ɗaya, da ƙurajen a jikinsa, zai rubuta gaskiya. In takardar ta shiga ofis da sa hannun likita, dole a ce akwai ƙyanda. In aka ce akwai, wataƙila motar ta dawo.

"Wataƙila," in ji Nata'ala.

"Wataƙila, Baba. Kuma gawar za ta kwana a can. Kuma za a tambayi uban takardunsa. Kuma kada ka ce ni na gaya maka."

Nata'ala ya bar masa sandunan a zaure. Daga baya ya ji uwar Yacouba ta hura wuta da su, ba ta san ko na mene ne ba.

Daga ranar, duk wanda ya zo masa da gajeriyar sanda, sai ya ja shi gefe ya gaya masa maganar likitan. Mutumin da bai saba haɗa jimla uku ba ya koma roƙo. Na farko ya dube shi kamar ya zage shi. Na biyu ya ce, "Baba, ni katin zama na ya mutu tun bara. Ka tuna yadda aka kori mutanenmu daga Gana? So kake a loda ni a mota da sauran yaran?" Na uku malami ne, ya ce gaggauta binne mamaci umarni ne, ba ra'ayin wani ba. Wani kuma ya ce, "Kai da ake kira don ka rufa mana asiri, kai ne za ka ce mu kai ɗanmu a tuɓe shi gaban arna?" Aka kai ƙararsa wurin liman. Liman ya kira shi bayan la'asar ya ce masa, cikin taushi, ya tsaya ga digarsa. Ya ce akwai kunnuwa a unguwar, kuma wanda ya ce babba ya yi ƙarya ba shi kaɗai ake ɗauka ba.

Masu shan shayi suka daina tsokanarsa. In ya zo sai a matsa masa a benci fiye da yadda yake bukata.

Kulsum ta fara da mura da jan ido. Nata'ala bai bari an kulle ta a ɗaki ba. Ya ture tsofaffin da suka zo da jiƙo, ya ɗauke ta da kansa zuwa dispansar. Ma'aikacin ya buɗe bakinta, ya duba bayan kunnenta inda ƙurajen suka fara fitowa. Sannan ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba su ƙwayar nibakin.

"Dube ta da kyau, ɗana."

"Na duba, Baba."

"Zazzaɓin sauro ne ke yin wannan?"

Ma'aikacin ya kalli hoton shugaban ƙasa da ke rataye a bango, ya kalli ƙasa. "Ku riƙa ba ta ruwa," ya ce. "Kada haske ya dami idonta."

Suka nemi tsohon likitan a cikin gari, aka ce ya tafi ƙauye jana'iza, sai farkon mako. Ƙurajen suka rufe ta har tafin ƙafa. Tari ya sauka ƙirji. Ta daina kama nono. Ranar Litinin da hantsi, Zuhura tana ɗaura zani za su koma wurin likitan, yarinyar ta cika a hannun Lukuman.

Kafin kukan ya lafa gidan ya cika. Mata suka ɗora ruwa. Wani ya tafi yanko alawayyon likkafani. Kowa ya san aikinsa, ba a jira an gaya wa kowa ba. Nata'ala yana tsaye a ƙofar ɗaki. Ya ce, da muryar da ta sa kowa ya juyo, "Kada a wanke ta tukuna."

Lukuman ya ɗago kai.

"Likitan ya dawo yau," in ji Nata'ala. "Zan kai ta."

"Baba, ta rasu."

"Na sani. Shi ya sa."

Wata tsohuwa ta yi salati. Lukuman ya miƙe, idonsa jajir. "Baba, ban taɓa ɗaga maka murya ba. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma har yau ba ni da takardar da ta ce ni ɗan ƙasar nan ne. In suka tambaye ni me zan nuna? Agogo?"

"Ni zan je. Zan ce tawa ce."

"Za su zo gidan nan."

"Su zo. Gidan Amidu akwai jarirai biyu. Gidan mahauta akwai. Bayan masallaci akwai. Duk ni za a kawo wa su. Na gaji, Lukuman. Wallahi na gaji."

Ya shiga ɗakin, ya durƙusa, ya sa hannu zai ɗauke ta daga tabarma. Zuhura ba ta yi kururuwa ba. Ta dafa hannunsa kawai.

"Baba, a ina za ta kwana?"

Ta sake tambayarsa.

"A cikin ƙanƙarar? Ita kaɗai?"

"Kwana ɗaya ne, Zuhura."

"Kwana nawa tana rawar sanyi, ina rufa mata zani tana turewa. Yanzu ta samu ta huta." Ta gyara wa yarinyar hular da ta zame. "In ka kai ta, motar za ta zo?"

Da wani ne, da ya ce za ta zo. Kalma uku ce, kuma da ta sake masa hannu. Ya nemi kalmar a bakinsa bai same ta ba, domin bai taɓa ce wa kowa za a yi abin da bai ga an yi ba.

"Ban sani ba," ya ce.

"To bar mini ita a wanke ta."

Ya zare hannunsa. Ya fita tsakar gida, mata suka buɗe masa hanya. Samari biyu suka ce su za su haƙa, ya zauna a yi masa gaisuwa kamar kowane kaka. Ya ce ba su san ƙasar ba, za su yi shi da faɗi. Ya saɓa digarsa ya tafi.

An rufe ta kafin azahar. Liman ya yi addu'a, ya yaba wa gidan da haƙuri da bin sunna. Yacouba ya zo gaisuwa ranar uku, ya zauna can ƙarshen tabarma, ya shafa fatiha ya tashi, shi da Nata'ala ba wanda ya dubi wani. Motar rigakafi ta dawo Zongo bayan shekara biyu, lokacin da wasu Turawa suka kawo kuɗin wani sabon shiri, aka sake share filin makaranta aka yi rawa. A lokacin ɗaya daga cikin jariran gidan Amidu ya tafi, ɗayar ta rayu amma idonta ya mutu.

Nata'ala ya yi shekaru yana haƙa bayan haka, har kafaɗarsa ta hana shi. Bai ƙara jan kowa gefe ba. Zuhura ta sake haihuwa, namiji, aka kai masa shi ranar suna. Ya karɓa ya yi masa addu'a, ya miƙa wa uwar da sauri, ya ce hannunsa da ƙasa.